Koci Badaru, Mai Yawan Saki

Da an sallame sallar asuba a Karmo, za ka ga Koci Badaru tafe yana ɗingishi, da bokiti da tsumma a hannu. Wani tsohon shagon siminti yake nufa, inda ya shimfiɗa katifun roba. Da kansa yake goge su, sannan ya zauna a bakin ƙofa yana shafa wa gwiwarsa ta hagu man zafi har samarinsa su hallara: 'yan dako, makanikai, da wani ma'aikacin gwamnati mai ɓoye motarsa a bayan layi.

Damben zamani yake koya musu, wanda ake haɗa naushi da kokawa, a ci gaba da fafatawa ko an kai ƙasa. Gwanintarsa kullen ƙafa: ka matse ƙafar abokin karawarka tsakanin cinyoyinka, ka saƙale dunduniyarsa, ka murɗa. Mugun kamu ne, don mutum ba ya jin zafin kirki sai jijiyar gwiwa ta riga ta tsinke. Mafita ɗaya ce, ya bubbuga ƙasa da tafin hannu, alamar ya sallama. Shi Koci yana saurayi aka yi masa wannan kamu ba a sake shi da wuri ba, ɗingishin nan tun daga ranar ne.

Shi ya sa kalmar da ta fi yawa a bakinsa ita ce "Saki!" Har Iyatu mai ƙosai ta taɓa leƙowa ta ce, "Oga, kullum saki, kullum saki, wai matan nan naka ba su ƙarewa ne?"

Bara, a wata gasa a Gwagwalada, Al-Amin, ɗalibin da Koci ya fi ji da shi, ya kai wasan ƙarshe. Abokin karawarsa Abdulbaƙi ne, manomin doya daga ƙauyukan Bwari, gwanin kokawar gargajiya amma baƙo a wannan wasa. Ana cikin yi Al-Amin ya kulle masa ƙafa tam. Maimakon ya bubbuga ƙasa, sai Abdulbaƙi ya ɗaga hannayensa biyu sama ya cije. Alƙalin wasa ya ɗauka da sauran ƙarfinsa. 'Yan kallo na ihu, "Murɗa! Gama da shi!"

Koci kaɗai ya gane. A kokawarmu, wanda ya dafa ƙasa ya faɗi, kuma tun yana yaro aka horar da Abdulbaƙi a kan kada hannunsa ya taɓa ƙasa a gaban namiji. Gara gwiwar ta tafi, ita da yake noma da ita.

"Saki!" in ji Koci.

"Koci, ai bai buga ba!"

"Ba zai buga ba. Saki na ce!"

Al-Amin ya saki. Abdulbaƙi ya miƙe, ya ɗaga shi ya maka da ƙasa, ya tafi da kofi. Al-Amin ya daɗe ko gaisuwar kirki ba ya yi wa malaminsa. Abin da Koci ya ce masa kawai shi ne, "Kofi duk shekara ana ƙera sabo. Ka taɓa ganin maƙerin gwiwa?"

Kai ne, Koci, ka yarda ɗalibinka ya yi fushi da kai don ɗan wani ya koma gida da ƙafafunsa. Zaki mai mayar da farce, kai ne ka nuna mana kamu ba wuya, saki ne sai gwani.

Makon jiya Koci ya ajiye aiki, don likita ya ce gwiwar ta gaji. Ana tsakiyar walimar bankwana da aka shirya masa sai ga Abdulbaƙi da doya a kafaɗa, Al-Amin ne ma ya ɗauko shi a babur. Ashe sai daga baya aka yi wa Abdulbaƙi bayanin abin da ya tsallake. Ya durƙusa a gaban Koci, ya dafa ƙasa da hannu biyu a idon kowa, sannan ya rungume gurguwar ƙafar nan yana kuka. Koci ya kawar da kai, ya ce, "Haba ɗan samari, saki mana."

Bai saki ba. Mu ma ba mu sake ka ba, Koci. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sauƙaƙa gwiwa. Ku kuma masu horar da 'ya'yan mutane, kafin ku koya wa yaro kamu, ku fara koya masa saki.