Gardamar ƙwallo a ranar arba'in ɗin Malam

Tsufa ya fara kwashe mini abubuwa daga ka, har sunayen wasu jikokina sai na lalubo, amma ranar sadakar arba'in ɗin maigidana ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ni ban yi boko ba, ban iya riƙe alƙalami ba. Surukata ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ko inda kuka ya ci ƙarfina ta jira ni in share hawaye mu ci gaba.

Jinya ce ta kawo mu Dubai, kafin zuwan korona. Babban ɗanmu yana aiki a nan, shi ya ɗauko mu saboda wankin ƙodar Malam, muka zauna da shi da iyalinsa a filat ɗinsu na unguwar Al Qusais. Shekara biyu muna hanyar asibiti, sannan Allah ya karɓi abinsa. A nan aka binne shi, a nan kuma na shiga takaba, a ɗaki ɗaya a hawa na shida, inda ko tagar ba ta buɗuwa sosai. Shekara hamsin da ɗaya muna tare. Har yau in na zuba shayi sai na tarar na ɗauko kofi biyu.

Ɗan namu yana da 'ya, doguwa sambal, tana karatu a wata 'yar ƙaramar kwaleji tana kuma buga musu ƙwallon kwando. Ni ban san kan wasan ba, na dai san ana jefa ƙwallo cikin wani zobe mai raga. Amma Malam ya ɗauki abin da zafi. Duk Alhamis da yamma, ko ranar an yi masa wanki jikinsa ba ƙarfi, sai an kai shi. Akwai kujerar da yake zama a ƙarshen layin gaba, daf da gindin kwando, da sandarsa a tsakanin ƙafafu. Da yake ita kaɗai ce Bahaushiya a duk 'yan wasan, sai mutanenmu na nan suka mai da ta tasu. Magidanta da gemunsu suna barin shago su je kallon 'yan mata goma suna guje-guje a zauren da bai fi masallacin unguwa ba.

Ana gobe arba'in aka yi wani wasa da suka ce babba ne. Aka ci su da maki ɗaya tak. Wai saura daƙiƙa uku a tashi ƙwallo ta zo hannun jikata, ba kowa a gabanta, maimakon ta jefa sai ta miƙa wa wata 'yar Sudan, ita kuma ta zubar.

Da safe ina suyar wainar sadaka ta shigo kicin, idanu sun kumbura. Na ga ta tura takalman wasanta cikin ledar shara ta ɗaure bakin.

Na ce, "Ƙawata, lafiya? Takalmin ne ya yi miki laifi?"

Ta ce, "Na daina, Kaka. Khalas, shi ke nan."

Sai da na bar tanda na zaunar da ita sannan ta faɗa mini. Ta ce ta ɗaga hannu za ta jefa, idonta ya sauka kan kujerar kakanta, ta ga ba kowa a kai, mutane sun bar ta haka don girmamawa. Nan take hannunta ya mutu. Ba dabara ba ce, ba tsoro ba ne, kawai ta ji in ba ta rabu da ƙwallon ba za ta faɗi. Ta riƙe hannuna ta ce kada in faɗa wa kowa, ko babanta. Yau ma da izininta nake faɗa. Muka yi kukanmu mu biyu, waina ɗaya ta ƙone. Ni dai na san abu guda: in yarinyar nan ta bar wasan nan da wannan ciwon a zuciya, ta bar shi ke nan, kuma abin da Malam ya fi so a ƙarshen rayuwarsa ya bi shi kabari. Na sa rai in an yi addu'a zuciyarta za ta yi sanyi, in lallaɓa ta daga baya.

Bayan an sauko Juma'a maza suka cika falo. Mu mata muna ɗaki, labule ne kawai tsakaninmu, jikata tana zaune a gefena ta sunkuyar da kai. Liman ya yi karatu, ya yi addu'a mai ratsa jiki, aka shafa. Ina cikin share hawaye, ana miƙa waina da dabino, sai na ji muryar wani Alhaji mai harkar kago, wato aika kaya gida, daga unguwar Hor Al Anz, bakinsa cike da wainata.

"Allah ya jiƙan Malam. Ai gara da bai ga wasan jiya ba."

Akwai wani bawan Allah Kirista, mutumin Jos, mai gyaran iyakwandishan, kowa Injiniya yake ce masa. Tun ranar rasuwa bai fasa zuwa gaisuwa ba, kuma wai ya buga ƙwallon nan da ƙuruciya. Ya ce, "Haba Alhaji, abin da ta yi daidai ne. Waccan ta fi kusa da kwando. Haka ake koyarwa."

"Koyarwar me? Ba kowa a gabanka, ka ba wani? Habibi, wannan tsoro ne, ka kira shi da sunansa."

"Kai da ko ƙwallon lemo ba ka taɓa jefawa ba!"

"Ni na fi ka zuwa kallo. Kai rabin lokaci kana kan rufin mutane da sukuddireba."

Aka kwashe da dariya. A falon da aka gama yi wa mijina addu'a ko minti biyar ba a yi ba! Sai falo ya rabu biyu. Wannan ya ce laifin koci ne, wancan ya ce alƙalin wasa ya ci daƙiƙa biyu. Wani ya ce shi bai ma ga abin tada jijiyar wuya a kan wasan 'yan mata a kwalejin da ba wanda ya san sunanta ba, sai duka ɓangarorin biyu suka taru a kansa. Ɗana yana ta "Jama'a, a yi haƙuri, a ci abinci," ba mai jin sa. Na ce a raina liman zai tsawatar. Sai na ji ya yi gyaran murya ya ce, "To, ni dai an turo mini bidiyon a waya. Gaskiya da ta jefa."

Innalillahi. Har liman.

Na dubi jikata. Ba ta kuka, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Ta ƙura wa bango ido, fuskarta ta daskare kamar an gama yanke hukunci.

Mai takaba ba ta ɗaga murya, ba ta shiga taron maza, kwana arba'in ko lif ɗin sauka ƙasa ban taka ba. Amma na ja mayafina na rufe fuska, na ɗaga labulen nan na tsaya a bakin ƙofa.

Na ce, "Sannunku da addu'a. Na gode. Alhaji, wainar ta yi daɗi?"

Ya ce, "Ta yi, Hajiya," yana goge hannu a jikin rigarsa.

Bakina ya cika da abin da yarinyar ta faɗa mini. Kalma biyu kawai zan yi in sa su duka su ji kunyar da ba za su manta ba. Amma amana ce. Na haɗiye.

Na ce, "Ni ban san ƙwallo ba. Na dai san Malam shekara biyu yana zuwa wajen nan, ban taɓa jin ya dawo ya ce da ta yi kaza ba. Ku kuma kun iya. To tunda kun iya, ni ba ni da halin fita sai na gama takaba. Alhaji, kai da Injiniya, ranar Alhamis ku je ku zauna inda Malam yake zama. Kada in ji an bar wajen nan ba kowa. Can za ku ƙarasa gardamarku, ba a kan tabarmar sadakar mijina ba."

Injiniya ya ce, "Mama, kujera ɗaya ce ai."

Na ce, "Ku goyi juna."

Na saki labule na koma na zauna. Wata tsohuwa a cikin matan ta ce mini abin da na yi bai dace da mai takaba ba. Na ce na sani, Allah ya yafe mini. Har aka watse ledar tana nan a bakin ƙofar kicin, ni kuma na hana kowa fitar da shara.

Kwana biyar ba ta taɓa ledar ba, ni ma ban yi mata maganar ba. Ranar Alhamis da la'asar na ji ana kwance leda a kicin. Ban leƙa ba. Na ji an rufe ƙofar waje, na ɗauki carbina.

Da ta dawo ta faɗo ɗakina ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, "Kaka, kin san abin da kika haɗa? Sun je tun kafin a buɗe zaure. Sun yi faɗa a kan wa zai zauna, ƙarshe suka raba, kowa rabin lokaci. Duk sanda na ɗaga kai sai in ga ɗaya a zaune ɗaya a tsaye a kansa, wannan yana ihu in jefa, wancan yana ihu in bayar. Har alƙali ya yi musu kashedi."

Na ce, "To ke me kika yi?"

Ta ce, "Na jefa mana. Don su yi shiru."

"Ta shiga?"

"Ba ta shiga ba. An sake cin mu." Sai ta fashe da dariya, dariyarta ta farko da na ji a gidan tun ranar da aka fita da Malam. Ta ci gaba da wasanta har ta gama kwalejin. Mutanen nan biyu kuwa ba su fasa zuwa ba, ba su kuma shirya ba. Har yau in suka zo gaishe ni sai sun tayar da maganar daƙiƙa ukun nan, ni kuma har yau haushinsu nake ji.

Abin da na koya a ranar shi ne, mutum yana iya ƙaunarka da gaske kuma ya taka maka ciwo da bakinsa, don bai san inda ciwon yake ba. Irin wannan ba korarsa ake yi ba, ba kuma dole sai ka buɗe masa sirrinka ba. Ka nuna masa inda zai tsaya ya yi amfani, ka bar shi da surutunsa. Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa.