Ɓangaren Hagu na Motar Babana

Akwai wata safiyar Talata a gidanmu na unguwar Goudji da ba ta da niyyar fita daga raina har in koma ga Allah.

Kakanmu ya baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar Makka, tafiya ta tsaya masa a N'Djamena. Babana ya yi wa Inna alkawarin ranar da za ta cika wannan niyya, shi zai kai ta filin jirgi a motarsa. Ya rasu, mota ta yi shekara tara a rumfa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Da kujerar Hajji ta samu, saura mako guda a tashi, Inna ta ce ita fa wannan motar za ta shiga. Na kawo mata hujjoji irin na malamin makaranta, ta saurare ni kamar yadda ɗalibaina ke yi.

Injin bai ba da wahala ba. Ƙafafun motar ne abin tsoro, don tana motsawa sai ƙara da rangaji. Na yi karatu, na cika takarda: a canza komai. Amma rabin kayan sai an yi odarsu, ba za su iso ba sai Inna ta dawo.

Sai aka haɗa ni da wani tsohon makanike daga unguwar Chagoua. Ya zo a safiyar Talatar nan da guntun ƙarfe ɗaya. Na miƙa masa takardata, ya yi fifita da ita.

Ya danna kowace kusurwar motar, ya saki, ya kasa kunne. Ya kwanta a ƙasa yana zungura, yana shafawa.

"Ustaz, robobin nan duka a cire, zama ne ya kashe su. Sifirin lafiya lau, kada ka taɓa. Amortisa na gaba, masu shanye girgiza, a sa sababbi duka biyun, ba a sayen takalmi ƙafa ɗaya. Sai gaɓar tayar hagu. Kalas, shi ke nan. Duk akwai su a kasuwa."

Na ce, "Baba, ta daman fa? Ai shekarunsu ɗaya."

"Shekaru ɗaya, wahala ba ɗaya ba." Ya fito yana kakkaɓe riga. "Wa ke zama kusa da mai motar nan?"

"Mahaifiyata."

"Na sani. Hagu ta ci duka, dama kamar jiya aka ɗaura ta. Mutumin nan duk ramin da ya kasa kauce wa, da tayar ɓangarensa yake faɗawa. Ba shekara ɗaya ba, ba biyu ba."

Babana mutum ne da ban taɓa jin ya yi wa Inna kalma mai taushi ba. Ashe Inna na bakin ƙofa tana ji. Sai ta ce, "Ni kuwa kullum ina yabon hanyoyin garin nan, mata na yi mini dariya."

Ranar tafiya ni na tuƙa, tana gefena. Muka tarar da rami ya cinye hanya. Na ba shi tayar hagu, haƙorana suka haɗu. Inna ba ta ko motsa ba.

Tun ranar na koyi cewa kafin ka yanke wa tsohon abu hukunci, ka duba inda ya cinye. A nan mai shi ya rubuta abin da bakinsa bai faɗa ba.