Kwanon da Na Mayar Ba Komai

A lokacin ni bazawara ce, ina zaune ni kaɗai a gidan haya a Kaura Namoda, ba abin da na iya kamar girki. Sai na fara sayar da abinci ta waya: a kira, in zuba a roba, mai kabu-kabu ya karɓa ta ƙofar baya ya kai. Na san halin mutanenmu, da sun ji ni ce za su taɓe baki su ce ai tuwon gida ne. Don haka na raɗa wa sana'ar sunan Turanci, na sayi sabon layi, na rubuta a sitatus cewa mai girkin ƙwararriya ce daga Kaduna. Ciniki kuwa ya buɗe, har daga Kasuwar Daji ake kira.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Kullum kwanonta na shigowa gidana, nawa na zuwa nata, ta san miyar surena, wato ta yakuwa, kamar yunwar cikinta. Da na ga jikokinta sun fara saye wurin 'yar Kadunar, tsoro ya kama ni kada a haɗa ɗanɗano asiri ya tonu. Na daina aikawa. Sau uku ta aiko, ina wanke kwanon in mayar ba komai, daga nan ita ma ta bari. Ana yabon girkina a gari, ni kuma ina cin nawa ni kaɗai, ba mai ce min sannu. Wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin wannan ba.

Da ciwo ya kwantar da ita ta kasa cin komai, aka yi mata odar tuwo da miyar sure. Mai kabu-kabu ya dawo yana sunkuyar da kai. Wai loma ɗaya ta yi, ta ce ya gaishe da 'yar Kaduna, ya gaya mata ta gane hannun, ba ta yi fushi ba, kwanon kawai ta yi kewa. Kunya ta hana ni shiga ranar. Washegari 'ya'yanta suka tafi da ita Shinkafi, can ta rasu.

Na goge ƙaryar nan tun tuni, masu saye ko a jikinsu. 'Yan uwana masu sana'ar waya, ku gyara talla yadda kuke so, amma kada ku ɓoye wa wanda ya ci girkinku tun ba shi da suna. Ni dai har gobe nakan zuba kwano ɗaya, in rasa inda zan kai.