Bakin Yaya A'i

A ranin 1983, wata Lahadi da kasuwar Illela ke ci, jakin gidanmu ya firgita da ƙarar motar Ƙonni, ya kayar da yayata A'i a kan duwatsun bakin hanya. Albasa muka ɗauko daga fadamar Kalmalo, ta watse ko'ina. Haɓarta ta tsage. Inna ta gasa wurin da ruwan zafi, ta shafa man shanu, ciwo ya warke, kowa ya manta.

A hankali bakinta ya fara ƙin buɗuwa. Da fari takan gutsuri tuwo kaɗan-kaɗan, daga baya sai kunu da fura, Inna ta dama su ruwa-ruwa, ita kuma ta zuƙa ta tsakanin haƙora. Tare muke surfe da jan ruwa a rijiya, amma idan aka ajiye akushi sai ta ɗauki ƙwaryarta ta koma bayan rumbu. A makaranta malami ya ɗauka taurin kai ne ke hana ta ɗaga murya, har ta daina zuwa. Wanzami ya ce hangum ne. Tsofaffi suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi da rubutu.

Sai da shekaru suka ja, haƙoranta suka fara ruɓewa, sannan Baba ya kai mu asibiti a Sakkwato, har da Inna. Likitan bai fara da magani ba. Ya ɗora yatsunsa gaban kunnuwanta, ya ce ta gwada buɗe baki. Babu abin da ya motsa. Ya ɗaga haɓarta, ya ga tabon.

"Inna, mi ya same ta nan?"

"Hwaɗuwa ta yi, likita, tun tana ƙarama."

Aka yi mata hoto. Ashe ƙashin muƙamuƙi ne ya karye a gaɓarsa tun ranar, ya warke a manne. Inna kuwa sai hawaye.

A Kaduna aka yi mata aiki. Bakin ya buɗu, amma haɓar ba ta ƙara girma ba, makaranta kuma ta wuce ta.

Yau yaro kan faɗi da safe a yi masa hoto kafin azahar. Yaya A'i tana nan da jikokinta, tana ba su labari, tana dariya. Ni dai har yanzu ban san yadda dariyarta ta ƙuruciya take ba.