Tsirkiyar Bakan Baba

Mahaifina maharbi ne, ɗan maharbi, jikan maharbi. A ƙauyenmu da ke gefen Furana har yau gidan maharba ake kiran gidanmu, ko da yake rabon da a shigo mana da naman daji tun ina firamare. Dajin da Baba ya sani an sare shi an shuka masara da tumatir. Ɗan abin da ya rage kuwa, mai hankali ba ya shigarsa da baka, domin waɗanda ke cikinsa yanzu bindiga ce a hannunsu. Sai bakan ya koma zaure, a rataye jikin ƙusa, kwarin kibau a gefensa.

Muna da wata al'ada a gidan nan. Bakan gado ba ya kwana babu tsirkiya, wato igiyar fatar da ake ja a saki kibiya. Idan ta tsufa, a ranar ake ɗaura sabuwa. Sau ɗaya ake kwance ta a bar bakan tsirara: ranar da maharbi ya mutu bai bar magaji ba. Baba ya taɓa ganin an yi wa wani ɗan'uwansa haka a Gubuchi, kuma duk sanda ya ba da labarin sai muryarsa ta canza. Mu huɗu ne 'ya'yansa maza. Ɗaya direban bas, ɗaya tela, ɗaya yana Kano, sai ni da nake koyarwa a wata makarantar kuɗi a Ikara. Babu wanda ya taɓa ɗaukar bakan nan ko da wasa. Duk da haka kowace Juma'a sai Baba ya sauko da shi ya shafa wa tsirkiyar man kaɗanya.

Ni abin da na koya caca ne, ba zan tsaya kwana-kwana ba. A wani shagon cajin waya kusa da tasha na fara, a kan ƙwallon Turai, kamar kowa. Na san haramun ce, ni da bakina nake koya wa yara haka da safe, da la'asar kuma ga ni a kan bencin shagon ina latsa waya. Ƙwallo ta yi ta cinye ni har na gaji da zagin 'yan wasan da ba su san ina duniya ba.

Wata rana mai shagon, wani gajere mai bakin tsiya, ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Malam, kalli nan. Har harbin kibiya ana zuba kuɗi a kai.”

Na ɗauka zolaya ce. Ashe gasa ce ta ƙasashen duniya, maza da mata, kowa da bakansa mai ƙarafuna da sanduna kamar eriyar talabijin, suna harbin wani faifai mai launi daga nesa, tsakiyarsa rawaya. Cikin kwana uku mun zama masana. Mun gano Koriya ta Kudu ce uwar kowa a harkar, kuma kamfanin cacar ya san haka sarai: idan ka zuba a kansu suka ci, ribar da za ka samu ko katin waya ba za ta saya ba. Riba tana wajen karawar mutum biyu da ba a san gwani a cikinsu ba, ɗan Faransa da ɗan Turkiyya, ko ɗan Indiya da ɗan Amurka. Babbar riba kuwa tana ranar da wani zai kayar da ɗan Koriya. Matsalar ita ce duk bencin nan babu wanda ya san ta ina ake gane gwani.

Mai shagon ya dube ni ya ce, “To kai ba ɗan gidan maharba ba ne?”

Ranar Asabar na hau babur na tafi gida. Na sami Baba a zaure bayan azahar, na durƙusa muka gaisa, ya tambayi makaranta da yara da matata. Sai na matsa kusa na kunna masa hoton wasu mutum biyu da za su kara washegari, tsofaffin harbinsu ne na sauke a waya. Ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kai ta dab da hancinsa. Bai ko kalli faifan ba. Kafaɗa yake kallo, da gwiwar hannu, da yadda yatsu ke rabuwa da igiya.

“Wannan tsoron bakansa yake ji,” in ji shi. “Dubi yadda yake fizge hannu. Wancan kuwa ba sakin kibiya yake ba, ita ke tafiya da kanta. Wa ya koya masa?”

Na ce ban sani ba, Baba. Na koma Ikara na zuba a kan wancan, ya kuwa ci. Na sake kai masa wasu biyun, ya sake faɗa daidai. A na uku ya kuskure, a na huɗu da na biyar ya dace. Ban taɓa ce masa komai game da kuɗi ba, shi ma bai tambaya ba. Abin da ya gani shi ne ɗansa da a da sai ya yi wata bai leƙo ba, yanzu yana zuwa sau uku a mako, yana zama a tabarma yana tambayar yadda ake riƙe baka. Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ka dawo wa tsohon nan da ransa. Jiya tuwo biyu ya ci.” Na ce amin, ban iya kallon idonta ba.

Da na yi shiru da abin ya tsaya a nan, amma ni bakina ba ya riƙe magana. Na yi alfahari a shago, labari ya bazu. Makon da ya biyo baya mu shida muka je: ni, mai shagon, 'yan acaɓa biyu, wani mai sayar da takin zamani daga Makarfi, da wani magidanci manomin rake daga Kudan wanda ko sanin sa ban yi ba. Suka zube a zaure suna “Allah ya ƙara wa Baba lafiya,” har da ledar goro. Baba ya yi ta kallonsu ɗaya bayan ɗaya, baki har kunne. Ya sauko da bakan gado ya ba kowa ya taɓa. Ya nuna musu yadda ake tsayuwa, yadda ake jin iska a bayan kunne, yadda ake riƙe numfashi. Su kuwa suna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru, jira kawai suke ya gama a kunna masa waya.

Da suka tafi ya riƙe ni a ƙofar zaure ya ce, “Malamin makaranta, ashe ba a gama da mu ba. Samari sun dawo.” Nan ne ya kamata in faɗa masa gaskiya. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Sai na ce, “Sun dawo, Baba.”

Baba, tsoho mai ciwon gwiwa, ya ɗauki adda ya gangara fadama ya saro gora da kyauron yin kibau. Mako biyu yana fiƙa, yana gasa gora a wuta yana lanƙwasawa, ya aika aka sayo masa fata a kasuwar Makarfi ya murza tsirkiya. Baka shida ya yi, kowa da nasa. Ya ce in sanar da su ranar Lahadi bayan la'asar za a fara, a filin bayan makaranta, ya ma cika buhu da ƙaiƙayi don abin harbi. Ni kuma ya ce a ranar zai damƙa mini bakan gado a gaban mutane. Na tafi, amma ban isar da saƙon ba.

A wannan makon aka zo wasan da muke jira: ɗan Koriya da wani dogon Bature. Ranar Alhamis na kai wa Baba hotunansu. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ɗan Koriyar gwani ne, babu musu, amma gaggawa gare shi, yana ɗaga baka yana saki. “Dogon nan shi ne maharbi. Ka ga ba ya saki sai iska ta kwanta? Da a daji ne, shi zai dawo da nama.” Na kai maganar shago, muka tambayi waya, ta ce za a yi iska ranar wasan. Shi ke nan, muka haukace. Duk bencin ya bi dogon, har da mutanen da ban taɓa gani ba. Manomin Kudan ya zuba abin da ya samu a raken da ya sayar, gaba ɗaya.

Abin da ban taɓa faɗa wa Baba ba, domin ban taɓa zama na bayyana masa wasan ba, shi ne akwai agogo. Daƙiƙa ashirin ake ba mutum ya saki kibiya. Maharbin daji yana iya yini a bayan kurmi yana jiran iska, can kuwa babu mai jiran ka. Ranar Lahadi da hantsi muka cika shagon muna kallo. Iska ta taso, dogon ya ja ya tsaya, ya sauke, ya sake ja, agogo yana ci, daga ƙarshe ya saki a gigice, kibiya ta faɗa kan jan launi, wajen rawayar tsakiya. Haka ya yi ta yi. Ɗan Koriya kuwa ko a jikinsa, ya ɗaga, ya saki, rawaya. Kafin azahar an gama da mu.

Na yi ƙoƙarin riga su zuwa gida, babur ɗina ya yi faci a hanya. Da na iso na tarar da babura uku a ƙofar gida. Baba yana zaure cikin farar rigarsa ta Juma'a, bakuna shida a jere a kan tabarma, ya ɗauka ɗalibansa ne suka zo da wuri. Manomin Kudan yana tsaye, ko takalmi bai cire ba.

“Tsoho, ka cuce ni!” yake cewa. “Kai ka ce dogon zai ci. Raken shekara guda na zuba a kan maganarka. Me zan faɗa wa iyalina?”

Baba ya ce, “Ka zuba a ina, ɗana?”

Mai shagon ne ya yi masa bayani, dalla-dalla, da wannan bakin nasa, tun daga ranar farko. Baba bai kalle shi ba, ni yake kallo. Na so ya zage ni. Na so ya ɗauki gorar nan ya karya a bayana a gaban kowa, wallahi da na ji sauƙi.

“Malamin makaranta,” ya ce, “tun zuwanka na farko?”

Na ce, “Tun na farko, Baba.”

Ya juya ya ba manomin haƙuri, ya ce bai sani ba, Allah ya mayar masa da alheri. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kalli bakunan. Har aka kira la'asar yana zaune. Da muka dawo daga masallaci ya tattara shidan nan ya kai wa Inna murhu ya ce gora ce busasshiya, za ta ci wuta. Sannan ya sauko da bakan gado. Ya dafe shi da gwiwa, ya lanƙwasa, ƙullin ya ƙi kwantuwa saboda shekaru. Na matso in taimaka, ban ma san me nake yi ba, ya ce, “Bari.” Da haƙori ya ƙarasa kwancewa.

Na ce, “Baba, ai kana raye.”

Ya ce, “Na sani. Gara in yi da hannuna, kada in bar muku wahala.”

Shekara biyu ke nan. Baba yana nan, yana amsa gaisuwata, yana tambayar makaranta da yara. Idan na fito da waya, ko kira zan amsa, sai ya tashi ya shiga ciki. Na yi rantsuwar daina caca sau uku, wadda ta fi daɗewa ta kai wata biyu. Bakan yana jikin ƙusarsa, ya miƙe ya zama sanda. Tsirkiyar kuwa Inna ba ta yarda a yar da abu mai amfani ba, da ita take ɗaure akuyarta a gindin dalbejiya, kuma duk Juma'a ta gabanta Baba yake wucewa zuwa masallaci.