Gyaɗar ajiya a hannun risiba

Ƙarfe tara da kwata na safe, ranar Litinin, aka sauya kwaɗon sitonmu na Ƙaraye. Mu shida ne a wurin: ni malamin sikeli, da maigadi, da manajan kamfanin, da mutum uku da suka zo daga Kano cikin fijo fara, wato lauya da ɗan sanda da wani mai tabarau. Lauya ya nuna mai tabarau ya ce daga yau shi ne risiba, banki ne ya naɗa shi ya karɓe duk abin da kamfani ya mallaka, saboda kamfani ya kasa biyan bashi.

Maigadi ya ce, "Yallaɓai, musiba ka ce?"

Lauya ya gyara masa, amma sunan ya riga ya zauna. Har mutumin ya bar garin ba wanda ya kira shi da wani suna.

Dole in koma baya, don a bi maganar daki-daki. Bayan gwamnati ta rushe hukumar sayen amfanin gona, wani kamfanin matse man gyaɗa ya buɗe sito a garinmu, ya ɗauke ni aikin awo. Karatuna firamare ne da makarantar allo, amma ina da tsari, ba a taɓa kama ni da kuskuren buhu ɗaya ba. Da kaka gyaɗa ba ta da daraja, saboda haka manoma iri biyu ke zuwa mana. Akwai mai sayarwa nan take. Akwai kuma mai kawo ajiya, ya bar kayansa a sito har bazara, in farashi ya yi masa ya sayar mana, in bai yi ba ya kwashe abinsa. Manaja da kansa ya riƙa bin kasuwannin Rogo yana kiran mutane su kawo ajiya, yana cewa sitonmu ba gara ba ɓera.

Sai dai takardar da kamfani ya buga iri ɗaya ce ga kowa. Turanci ne a kanta, ma'anarsa an karɓi kaya. Da farko nakan rubuta "ajiya" da biro a kusurwar takardar mai ajiya. Manaja ya gani ya hana, wai masu binciken littattafai ba sa son a ɓata takarda. Na bari. Wannan laifina ne, na kuma sa shi a inda ya faru, ban ɓoye shi a ƙarshe ba.

A cikin masu ajiyar shekarar akwai wani dattijo daga Fulatan, aminin mahaifina marigayi. Buhu talatin da ɗaya ya kawo a amalanke, shida daga ciki irin shuka ne, ya ɗaure bakinsu da jan ƙyalle. Ran da ya kawo, na miƙa masa takarda ya ƙi kallonta. Ya ce, "Ɗan nan, ni ban san kamfani ba. Kai na ba."

Kwana biyu da rufe siton ya iso, da sandarsa. Na kai shi gaban risiba, wanda ya kafa tebur a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar sito. Dattijon ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi mutanen birni. Risiba ya amsa biyu ya bar saura.

"Ranka ya daɗe, kayana na zo ɗauka. Damina ta matso."

"Baba, duk abin da ke cikin siton nan na kamfani ne, kuma yana hannuna."

"Wanne daga ciki kamfani ya noma?"

Ɗan sanda ya yi dariya, ya haɗiye ta. Risiba ya karɓi takardar dattijon ya juya ta gaba da baya, ya ce babu inda aka ce ajiya. Lauya ya ƙara da cewa da kalmar tana jiki, da doka da kanta ta ware masa kayansa, don risiba ba ya taɓa abin da ba na kamfani ba. Na ce ni ne na auna, ni shaida ne, ga buhunan can da jan ƙyalle, a buɗe a gani. Na juya wajen manaja na ce ya faɗi gaskiya. Manaja ya ce shi bai tuna da wani tsari mai suna ajiya ba. Mutumin da na ji da kunnena yana shela a kasuwa.

Daga nan risiba ya jera mana yadda za a raba abin da aka samu in an sayar da kaya. Na haddace jerin, don ina son jeri ko da mugu ne. Da farko ladan aikinsa shi kansa. Sai haraji da albashin ma'aikata. Sai banki. In wani abu ya rage, masu bin kamfani bashi su raba. Ya zaro fom ya ce dattijo ya dangwala yatsa a shigar da shi cikin masu bin bashi.

Dattijo ya mayar da hannunsa cikin riga. "Ban ba kowa bashi ba. In na dangwala, na yarda na sayar ke nan."

"In ba ka dangwala ba, ko sisi ba za ka gani ba."

"To, Malam Musiba, ka riƙe sisin."

Washegari muka je wurin alƙali a nan Ƙaraye. Ya saurare mu da kyau, ya ce a shari'a amana sunanta amana, ko da takarda ko babu. Amma ya ce maganar kamfani ba huruminsa ba ce, akwai sabuwar dokar kamfanoni da ta fito a shekarun, kuma babbar kotun tarayya ce kaɗai ke duba irin wannan. Muka tara kuɗin mota mu bakwai, ni da dattijon da wasu masu ajiya biyar, muka tafi Kano. Sau uku muna zuwa ana ɗagawa. Kafin zuwa na huɗu, tireloli biyu sun zo sun kwashe siton, har da buhu shidan nan. Ina tsaye aka loda su. A wannan damina dattijon dawa kawai ya shuka a gonar da ya saba yin gyaɗa, ya kuma sayar da bijimai biyu kafin kaka.

Abin da ya fi ci mini rai ya zo daga baya. Ni ma'aikaci ne, don haka ina sahu na biyu. Aka kira ni aka biya ni albashin wata uku cif, daga kuɗin gyaɗar da na san mai ita. Masu bin bashi da suka dangwala sun sami abin da bai kai kuɗin buhunan banza ba. Na hau keke na tafi Fulatan da kuɗin a aljihu, na ajiye a gaban dattijon a zaure. Ya dube su, ya tura mini da bakin sanda.

"Wannan na mene ne?"

"Baba, daga gyaɗarka aka biya ni."

"Gyaɗata tana sito. Ran da ka buɗe ka kawo mini."

Ya sa aka kawo mini fura, ya tambayi 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya. Bai sake yi mini maganar ba har ya rasu, bai kuma sake kira na ɗan nan ba. Malamin sikeli yake cewa, kamar kowa.

Shekara ba ta cika ba aka sake buɗe siton. An fenti allon, an sa sabon suna, aka ce an sake wa kamfani fasali, kuma sabon ba ya ɗauke da nauyin tsohon. Manajan shi ne dai, sikelin ma shi ne, har da tsagar da ke jikin farantinsa. Manajan ya aiko a ce in koma bakin aiki, wai mutane sun yarda da ni. Na ce wa ɗan aiken ya gaya masa yardar nan ita ce abin da ya kashe. Doka ta san yadda za ta wanke kamfani ya fito da sabuwar riga, amma ba ta tanadi ko layi ɗaya ba ga mutumin da bai iya karanta takardar da aka ba shi ba. Masu rubuta ta ba su taɓa tambayar yadda ake ajiya a ƙauye ba, kuma ba su ga dalilin tambaya ba.

Har yau a Fulatan da Rogo Ruma akwai gidajen da ake cewa malamin sikeli ya haɗa baki da mutanen birni, shi aka biya, su aka bari. Rabin maganar gaskiya ne, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Ƙafata ba ta kai ni can yanzu. Mai karatu, in kana da hanya ta wajen, ka ɗauki wannan ka karanta wa jikokin dattijon a zaurensu, tun daga farko, a jere. Kada ka tsallake wurin da na daina rubuta kalmar.