Anti Gyare da Bakaniken da Ya Kwance Inji Yana Neman Fito

Kafin masu shara su gama goge barandar sashen kunne, Anti Gyare ta riga ta iso. Za ta rataye jakarta a bayan ƙofa, ta kunna na'urar gwajin ji, ta shiga ɗan akurkin ɗakin nan mai soso a bango wanda ko tarin waje ba ya ratsa shi, ta ɗora abin saurare a kanta ta gwada: dama, hagu, siririn sauti, kakkauran sauti. Sai ta goge shi da auduga, ta warware wayar madannin da marasa lafiya kullum suke cukurkuɗewa, ta leƙa baranda ta ce, "Wa ya riga kowa?" Haka take yi tun wasu likitocin sashen suna goye a baya. A makon nan ta ajiye aiki, kuma wallahi ba za mu bari ta sulale gida shiru ba. Yabon gwani ya zama dole.

Ita ba likita ba ce, ba ta kuma taɓa cewa ita ce ba. Aikinta gwajin ji: ta zaunar da kai a akurkin, ta koma bayan gilashi, ta aiko maka da sauti, in ka ji ka danna. Sunan Gyare kuwa bakinta ne ya jawo mata. Duk wanda ya zo yana cewa kunnensa na ƙara alhali babu abin da ke ƙara a waje, ba ta ce masa "ni ban ji komai ba". Sai ta gyara zama ta ce, "Kwaikwaya min." In kunya ta hana shi, ita za ta fara. Ta yi kukan gyare, ta yi na sauro, ta yi sacewar taya, ta yi tafasar buta, har mutum ya fashe da dariya ya ce, "Yawwa, wannan na ƙarshen, amma ya fi haka tsini." Ma'aikatan jinya in sun wuce ƙofarta sai su ce yau ma damina ta sauka a ɗakin gwaji.

Shi ya sa da babbar likitar sashen ta tashi haɗa masu binciken hanyoyin sauƙaƙa ƙarar kunne, Anti ta fara kira. Likitar ta faɗa musu gaskiya tun farko: ba su da ƙwayar da za a haɗiya ƙarar ta ɗauke. Abin da za su gwada shi ne sauti iri-iri, da na'urar taimaka wa ji, da zama a tattauna da mutum, a ga wanne ya fi amfanar wa. Murna a wurin Anti kamar an ce ta zaɓi kujerar gaba. Shekara da shekaru tana sallamar mutane da "sai haƙuri", kalmar har ta fara yi mata ɗaci a baki.

Cikin waɗanda suka shiga binciken akwai wani bakanike, matarsa ce ta jawo shi kusan da ƙarfi. Mutumin nan da kunnensa yake cin abinci. Zai ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya faɗa maka abin da ya lalace kafin ka gama gaisuwa. Wata rana aka kawo masa mota, ya ji tana wani siririn fito. Ya canza bel ɗin injin, fito na nan. Ya duba fanka, fito na nan. Zuciya ta ɗebe shi ya shiga kwance inji, sai da ya baje shi a ƙasa gunduwa-gunduwa, mai motar ya dafa shi ya ce, "Malam, wane fito kuma? Ko batir babu a jikinta." Ya tsaya cak. Fiton yana nan daram, a cikin kansa yake.

Daga ranar ya rufe gareji. Barci ya gagare shi, ya zama mafaɗaci, 'ya'yansa suna ganinsa su bi bango. Dangi suka fara ƙus-ƙus cewa ko dai kan ne ya taɓu. Matarsa, don ta sanyaya masa rai, ta ce, "Baban yara, ai an ce in kunne na ƙara ambatonka ake yi." Ya ce, "To wane mara aikin yi ne wannan da ba ya ko shan ruwa?" Ranar da suka zo asibiti ya riga ya yanke shawara: in nan ma babu labari, zai raba wa abokan sana'a kayan aikinsa ya haƙura da gyaran mota har abada.

Anti ta zaunar da shi a akurkin, ta miƙa masa madanni, ta faɗi abin da ta saba faɗa wa kowa: "Malam, in ka ji ƙara ka danna." Tana komawa bayan gilashi ta ga fitilar madannin ta kama jawur, ba ta mutu ba. Ko sauti ɗaya ba ta aika ba tukuna! Ta leƙa, sai ga bawan Allah ya runtse ido ya danne abin da iya ƙarfinsa, babban yatsansa har ya yi fari. Dariya ta taso mata, tausayi ya danne ta. Laifin nata ne, ai gaskiya ya faɗa: an ce in ya ji ƙara ya danna, shi kuwa yaushe rabon da ya daina ji?

Ta buɗe ƙofa ta ce, "Yi haƙuri Malam, ni ce ban iya magana ba. Taka 'yar gida ce, ƙyale ta. In ka ji baƙuwa, ita za ka danna wa."

Ya buɗe ido ya dube ta. "Baƙuwa?"

"Eh, wadda ba taka ba."

Ya saki madannin a hankali. Tun daga ranar, duk sashen da haka ake bayani, har likitocin ma sun ɗauka: akwai 'yar gida, akwai baƙuwa.

Daga nan aka shiga farautar 'yar gidan, kuma a nan Anti ta gamu da gwaninta. Kunnen bakanike ne fa! Tana murɗa na'ura yana ba ta umarni kamar yana gareji: "Ɗaga kaɗan, Anti. A'a, kin zarce. Dawo. Kamar bel ne ya yi sako-sako da safe. Tsaya! Ita ce, wallahi ita ce!" Anti ta miƙe tsaye don daɗi. Sai ta yi abin da babu wanda ya sa ta: ta kira matarsa, ta ɗora mata abin sauraren. Matar ba ta jima ba ta fizge shi tana salati.

"Baban yara, wannan kake ji?"

"Dare da rana."

Ta durƙushe tana kuka, tana neman gafarar duk lokacin da ta ce masa raki ne. An ce gani ya kori ji, amma ranar nan ji ne ya kori musu.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya tafi sumul. Ina! Gwajin farko shi ne a rufe ƙarar da wani sauti mai ƙarfi kamar zubar ruwa. Wasu ya yi musu, shi kuwa ya ƙara hargitsa shi, ya ce an haɗa masa gareji biyu a kai ɗaya. Ya ajiye na'urar sautin da aka ba shi ya daina zuwa. Abin ya tsaya wa Anti a rai ƙwarai. Ta sanar da likita, ta nemi izini, ta bi shi har bakin garejinsa da rana tsaka. Ta same shi zaune a kan tsohuwar taya, ƙofa a kulle, janareton mai walda na maƙwabta yana ta ruri.

Ta ce, "Malam, janareton nan ba ya damunka?"

Ya waiga. "Wanne? Af, wannan? Ai ni sai an kashe shi nake sanin yana aiki."

"To can muke so mu kai 'yar gidanka. Ba korarta za mu yi ba, kujerar baya za mu ba ta."

Ya dube ta ya ce, "Yaushe zan zo?"

A zagaye na biyu likita ta sa masa na'urar taimaka wa ji, don hayaniyar gareji ta daɗe da cinye masa siraran sautuka. Anti kuma ta daidaita masa wani lallausan sauti da ke zama a ƙasa da tasa ƙarar, ba ya rufe ta. Duk zuwan da zai yi sai sun zauna sun yi hira kan barci, kan fushi, kan tsoron da ke sa mutum kasa kunne ga abin da yake gudu. Ta kuma tilasta masa toshe kunne in zai tsaya kusa da inji mai ruri. Wata ya bi wata. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Anti, ke ce kika hana mutane da yawa zargin hankalinsu. Ke ce mai kunnen aro, mai jin abin da ba a ji. Sakamakon binciken zai fita da sunayen manya, kuma sun cancanta, amma su da kansu sun ce ba don ke ba da rabin mutanen sun gudu tun a zagayen farko.

Ranar bankwana da Anti, tana shigowa harabar asibiti da tsohuwar motarta, sai ga bakanike da matarsa a bakin ƙofa, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Bai ko gaishe ta ba ya ɗaga hannu.

"Kar ki kashe, Anti! Bar ta tukuna."

Ya karkata kai, ya saurara, sai fuskarsa ta washe. "Wannan baƙuwa ce! Ba tawa ba ce, bel ɗinki ne!"

Aka buɗe gaban mota, ga bel nan ya tsattsage. Ma'aikatan jinya suka ɗauki tafi da shewa, likita na dariya har da riƙe ciki. Anti kuwa hawaye take sharewa. Ta ce, "To 'yar gidan fa, Malam?"

Ya ɗan tsaya. "Haba Anti, me ya sa kika tuna min? Tana nan. Tun safe ban bi ta kanta ba."

Mun gode, Anti Gyare. Allah Ya ba ki hutu mai daɗi, Ya saka miki da alheri. Ku kuma jama'a, ba sai kuna da na'ura ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da naku ya ce yana jin abin da ba ku ji, kada ku ce masa babu komai. Ku ja kujera ku ce, "Kwaikwaya min."